Ajiye Gidan Ƙwai Kafin a Fara Maganin Kansa

Da ƙwayayen haihuwarta kowace 'ya mace take zuwa duniya, miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma jikinta ba ya ƙera sababbi. Allurar kansa mai ƙarfi da gashin da ake yi wa mara suna iya cinye su. Sai mace ta warke, amma al'ada ta ɗauke tun tana da ƙuruciya, haihuwa ta tsaya.

Likitoci sun samo dabara. Kafin a fara magani, ana ƙaramar tiyata a ciro gidan ƙwai ɗaya ko yankinsa. Ƙananan ƙwayayen a fatarsa ta waje suke kwance, don haka ita ake ferewa, a yanka ta sala-sala, kaurin kowane yanki kamar milimita ɗaya, a daskarar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan mace ta warke, sai a narkar da shi a dasa mata. Jijiyoyin jini su kama, cikin wata huɗu zuwa biyar al'ada kan dawo, ciki kuma yana iya shiga ta kwanciyar aure. Naman jikinta ne, ba na wata ba, saboda haka nasabar ɗan ba ta gauraya.

A 2004 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Brussels ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin kulawar Farfesa Jacques Donnez. A 2014, a Beljiyam ɗin dai, wata mai sikila ta haihu da yankin da aka ajiye mata tun tana shekara 13, kafin a yi mata dashen ɓargo, wanda shi ma maganinsa kan cinye ƙwayayen. Yarinyar da ba ta balaga ba, ba a iya ɗibar mata ƙwai a adana, wannan ce hanyarta. A 2019 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran aikin gwaji.

Akwai haɗari, musamman ga mai kansar jini, domin cutar na iya ɓoyewa cikin yankin ta dawo tare da shi. Dashen ma yawanci 'yan shekaru yake aiki, kuma ba kowa ke dacewa da haihuwa ba.

Duk da haka, wadda aka gano tana da kansa, ko iyayenta, su tambayi likita tun kafin allurar farko: wannan magani zai taɓa haihuwa, kuma me za a iya ajiyewa? Idan magani ya cinye ƙwayayen, babu sauran abin ajiyewa.