Sunan Haya: Abin da Kan Faru Idan Rajistar Sunan Shafin Intanet Ta Zo Ƙarewa

Bahaushe ya saba da sunan yanka. Da zarar an raɗa wa jariri suna ranar bakwai, an yanka rago, to ya mallake shi ke nan har kabari, babu mai zuwa bayan shekara ya ce a biya kuɗi ko a karɓe. Sunan da shafin intanet yake amsawa kuwa ba haka yake ba. Hayarsa ake yi, kamar yadda iyayenmu suka riƙa hayar akwati a gidan waya: lambar taka ce muddin kana biya, ranar da ka daina sai a canza kwaɗo a ba wani. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana yadda wannan haya take, da abin da kan biyo baya idan wa'adinta ya cika, da kuma hanyoyin da ake bi don kada shafi ya tsaya.

Abin da ya jawo hankalina ga batun shi ne, bara wata ƙungiyar ɗalibai da nake ciki ta wayi gari shafinta ya ɓace. A ciki akwai tatsuniyoyi da kirarin sana'o'i da muka yi wata da watanni muna ɗaukowa daga bakin tsofaffi. Duk wanda ya rubuta adireshin sai ya tarar da tallace-tallace cikin Turanci. Muka ɗauka ɓarayin intanet ne. Ashe ɗan'uwanmu da ya yi rajistar sunan ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, takardun gargaɗi kuma suna ta faɗawa cikin wani akwatin imel da ya daɗe bai buɗe ba.

Suna daban, masauki daban

Wajibi ne tun farko a rarrabe abu biyu da mutane suke yawan haɗawa. Na ɗaya shi ne masauki, watau kwamfutar da take ɗauke da rubuce-rubuce da hotunan shafin dare da rana. Na biyu shi ne suna, watau abin da mai karatu yake rubutawa don ya isa masaukin. Kwamfutoci da lambobi suke gane junansu, ɗan'adam kuwa ba ya iya riƙe jerin lambobi masu yawa a ka. Saboda haka a shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara abin da ake kira DNS, wanda aikinsa shi ne ya karɓi suna ya nuna lambar da take daidai da shi. Sunan farko da aka yi wa rajista a rukunin .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985.

To, kuɗin masauki daban ake biya, na suna daban, sau da yawa ma kamfanoni biyu ne da ba su san juna ba. Wannan shi ya sa mutum kan biya ɗaya ya saki jiki yana zaton ya gama. Idan suna ya mutu kayan da ke masauki ba su taɓu ba, suna nan yadda aka ajiye su, sai dai babu ɗan jagoran da zai kai baƙo wurin. Mu ma da hankalinmu ya kwanta muka bincika, ko tatsuniya ɗaya ba ta salwanta ba.

Su wa ke riƙe da sunayen? Kowane rukuni yana da mai kundi guda ɗaya. Kamfanin Verisign na Amurka shi ke riƙe da kundin .com da na .net. Rukunin .ng na Nijeriya kuwa yana hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, a ƙarƙashinsa ne kuma ake samun edu.ng na manyan makarantu da gov.ng na hukumomin gwamnati. Mai kundi ba ya ciniki da ɗaiɗaikun mutane, sai ta hannun dillalai, su ne kamfanonin rajista. A saman su duka akwai hukumar ICANN da aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya, ita ce take shimfiɗa ƙa'idojin rukunoni irin su .com da .org. Ana iya biyan haya daga shekara 1 har zuwa 10. Kuɗin ba shi da yawa: a 2024 Verisign ya sa farashin sari na sunan .com a kan dala 10.26 a shekara, dillali kuma ya ɗora ribarsa.

Bayan cikar wa'adi

Suna ba ya kuɓucewa dare ɗaya, mataki-mataki abin yake tafiya. Bisa ƙa'idar da ICANN ta fara aiki da ita a 2013, dole dillali ya aika wa mai suna gargaɗi sau biyu, ɗaya wajen wata guda kafin ranar, ɗaya kuma wajen mako guda. In wa'adi ya cika ba a biya ba, sai ya sake aika na uku cikin kwana 5.

Daga nan sai a shiga kwanakin rangwame, waɗanda kan iya kaiwa 45, ko da yake kowane dillali yana da nasa adadin, wani ma kaɗan yake bayarwa. A cikin waɗannan kwanaki ne dillali yake katse hanyar zuwa shafin, ya maye gurbinta da sanarwa ko talla. A ganina wannan katsewa rahama ce, ko da yake mai shafi ba ya ganin haka a lokacin, domin wanda bai karanta wasiƙa ba lalle zai lura idan ƙofarsa ta rufe. Wanda ya biya a wannan mataki yawanci kuɗin da ya saba biya zai bayar, shafin kuma ya dawo cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ya kai kwana ɗaya ko biyu kafin labarin ya game kwamfutocin duniya.

Idan aka wuce nan, dillali kan soke rajistar, sunan ya faɗa kwanakin fansa guda 30. Har yanzu mai shi na asali yana da ikon karɓo shi, amma sai ya biya tara wadda ta ninka kuɗin hayar sau da yawa. A nan ƙungiyarmu ta cim ma nata, sai da muka yi karo-karo. Bayan kwanakin fansa akwai wasu kwana 5 da ba mai iya taɓa sunan, ko mai shi ko wani. Suna cika sai a sake shi, wanda ya riga shi ya samu. A lura kuma, wasu dillalan ba sa jiran duk wannan: suna kai sunaye masu daraja gwanjo tun cikin kwanakin rangwame, yarjejeniyar da mai suna ya amince da ita ba tare da ya karanta ba kuwa ta ba su dama. Har ila yau, wannan lissafi na rukunonin da ke bin ƙa'idar ICANN ne. Rukunonin ƙasashe, kamar .ng ko .ne na Nijar, kowanne da tasa dokar, sai a tambayi dillali.

Abin tsoro na gaske yana a ƙarshen layin. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kafa kwamfutoci suna kwanton ɓauna, suna cafke suna a daidai daƙiƙar da aka sake shi. Abin da suke kwaɗayi shi ne jama'ar da suka saba zuwa da kuma sauran shafukan da suke nuni zuwa gare shi. Sa'an nan ko su sayar wa mai shi da tsada, ko su cika shi da tallan caca da abin da ya fi caca muni. Daɗin daɗawa, imel ɗin da ke ɗauke da sunan yana bin sunan ne. Duk wasiƙar da aka aiko wa tsohon mai shi, sabon ne zai karɓa, ta nan kuma yana iya neman a canza masa kalmar sirri ta wasu asusun da aka buɗe da wannan imel. Akwai hanyar kai ƙara da ICANN ta tanada tun 1999, amma sai mai ƙara ya nuna yana da hakki a kan sunan a matsayin alamar kasuwanci, kuma wanda ya ɗauka da mugun nufi ya ɗauka. Kuɗin shigar da ƙarar a hukumar WIPO ta Janiba yana farawa ne daga dala 1,500. Ina ƙungiyar ɗalibai za ta samo wannan?

Kada mai karatu ya zaci sakaci irin wannan sai ƙananan mutane. A Kirsimetin 1999 kamfanin Microsoft ya bar rajistar passport.com ta ƙare, masu imel na Hotmail kuwa ta wannan suna ake tantance su, sai shiga ta gagare su. Wani masanin kwamfuta da ba ya aiki a kamfanin shi ya gano dalili, ya biya dala 35 daga aljihunsa, daga baya kamfanin ya aika masa cakin dala 500 na godiya. Wannan ya ƙare da dariya. Na kamfanin Sorenson bai ƙare haka ba. Kamfanin yana haɗa kurame da tafintocin maganar hannu ta bidiyo don su iya buga waya a Amurka. A watan Yuni na 2016 rajistar sunansa ta ƙare, aikin ya tsaya kusan kwana uku, har da kiran neman agajin gaggawa. A 2017 ya amince wa hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, zai biya kusan dala miliyan 3.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne sanin ranar. Ba sirri ba ce, duk mai so yana iya rubuta sunan a shafin bincike na ICANN ko na dillali ya ga ranar ƙarewa da sunan dillalin. A rubuta ta a inda ba mutum ɗaya kaɗai zai gani ba. Kusan kowane dillali yana da tsarin sabuntawa da kansa, ya cire kuɗi daga katin banki idan lokaci ya yi, amma kada a dogara gare shi ɗungurungum, domin kati ma yana da ranar mutuwa. Mu a Nijeriya mun ga wani salon matsalar: a 2022 bankuna da dama sun rage, wasu suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da ita. Wanda dillalinsa yake waje a tsakanin nan, sabuntawar ba ta wucewa ko da asusunsa cike yake. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin ya fi wa ƙaramar ƙungiya kwanciyar hankali ta yi hulɗa da dillalin gida mai karɓar naira, in kuma da hali ta biya shekara uku ko biyar a dunƙule.

Sai batun imel ɗin da aka ba dillali. Kuskure ne babba a ba shi imel mai ɗauke da sunan da ake son karewa, domin ranar da sunan ya mutu imel ɗin ma ya mutu, gargaɗin ƙarshe ba zai iso ba, hanyar dawo da kalmar sirri kuma ta toshe. An kulle ɗaki ke nan an bar mabuɗi a ciki. A yi amfani da wani imel na dabam wanda mutum biyu ko uku suke dubawa.

Wanda ya fi damuna shi ne mallaka. A wurin dillali, wanda sunansa yake cikin rajista shi ne mai abu, ko da kuwa kuɗin ƙungiya aka biya. Sau da yawa wanda aka ɗauka ya gina shafi shi kan yi rajista da sunansa don sauƙi, in aka ɓata da shi ko ya yi nisa sai a rasa yadda za a yi. Ƙungiyar ɗalibai kowace shekara shugabanninta canzawa suke yi, don haka ya kamata a yi rajista da sunan ƙungiya, a sa malami ɗaya daga sashe cikin masu karɓar wasiƙa, bayanan shiga kuma su kasance cikin kayan da ake miƙa wa sababbin shugabanni tare da littafin kuɗi da hatimi. Wanda ya fi wannan ma shi ne a roƙi jami'a ta ba da reshe a ƙarƙashin sunanta na edu.ng, domin reshe ba shi da rajista tasa, yana rayuwa ne muddin uwar tana raye.

Idan kuwa an yanke shawarar komawa sabon suna, to a yi ƙaurar tun tsohon yana da sauran watanni. A sa shi ya riƙa tura duk mai zuwa can sabon, a sanar da masu karatu, a canza imel a duk inda aka yi amfani da shi. Ko bayan an gama ƙaura, gara a ci gaba da biyan hayar tsohon na wasu shekaru, domin adireshin da aka buga a cikin littafi ko kundin digiri ba ya gyaruwa, ɗalibin da zai bi shi nan da shekara goma kuma bai san an tashi ba.