Farautar Ɓoyayyen Akwati a Kan Duwatsu

Jiyokashin wasa ne na ɓoyo da nema da ake yi da na'urar GPS. Wani zai ɓoye ɗan akwati a ƙarƙashin dutse ko a kogon itace, ya sa lambobin wurin a intanet, masu nema su bi lambobin da ƙafa har su gano shi. A ciki akwai ɗan littafi da mutum zai rubuta sunansa da kwanan wata. In ya ɗauki wani abu, sai ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da akwatin yadda ya tarar.

Kafin shekarar 2000, da gangan Amurka take rage ingancin GPS ga farar hula, har na'ura kan kauce da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayu, 2000, gwamnatin Bill Clinton ta janye wannan takunkumi. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya kai daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, don ya gwada ko za a iya gano shi da lambobi kawai. Ya zuba littattafai, da kaset na bidiyo, da 'yan kuɗi, da danƙon harbin tsuntsu, da gwangwanin wake. E, gwangwanin wake. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. Yau akwatunan da ke ɓoye a duniya sun haura miliyan 3.

Kowane akwati yana da maki daga 1 zuwa 5 na wahalar hanya. Mai 5 sai da igiyar hawa ko kwalekwale. A doguwar hanyar dutse, gajiya da ƙishirwa sun fi neman akwatin wuya, kuma tsakanin manyan duwatsu na'urar kan rikice, ta nuna nan, ta nuna can. A mitocin ƙarshe ido ne ke aiki. Dokar wasan ta hana binne akwati, kuma dole a bar tazarar mita 161 tsakanin ɗaya da ɗaya.

A Najeriya kuwa, ga mazaunin Yerwa, garin dai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Mai son irin wannan hawa sai ya yi kudu, ta Bama da Gwoza, zuwa tsaunukan Mandara da ke kan iyakar Kamaru. Can ne Sukur take, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. Hanyar hawa Sukur da duwatsu aka shimfiɗa ta, da hannu, tana ratsa gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni har fadar sarkinsu, Hidi. Mata kan hau ta da kaya a ka, baƙo kuwa yana haki.

Sai dai wasan yana son zaman lafiya. Ko a Ingila, a 2011, an rufe tsakiyar garin Wetherby, masana bam suka tarwatsa wani akwatin wasan da aka zaci bam ne. Balle yankin Mandara, inda Boko Haram ta kai hari Sukur a 2014, kuma har yanzu ana fargabar nakiyoyi a hanyoyin Gwoza. Wanda aka gani yana cusa akwati a ramin dutse a can, sojoji da 'yan banga ne za su fara yi masa tambaya.