Ruwan Agusta da boris ɗin ƙafar tirela

Tirelar da ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa, kafin ta iso Maraɗi cibiyar ƙafafunta ta ɗau zafi. Haka amalanken da ya kwaso kayan lambu daga Jiratawa, ko da yake nasa zafin bai kai na mota ba. In ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwa, iskar da ke cikin cibiyar sai ta tsuke nan take, ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke tare giris. Direba bai ji komai ba, ya wuce abinsa.

A Maraɗi, unguwar Zariya a tudu take, domin bayan ambaliyar 1945 ne gari ya hauro daga kwari. Amma tudu bai hana ruwa kwanciya a titi ba cikin Agusta, balle hanyoyin bakin Gulbin Maraɗi wajen Tibiri, inda ruwan ke tafe da yashi. Ruwa ya tsinka giris, ya mai da shi fari-fari kamar kunun gyaɗa, tsatsa ta huda boris, yashi kuma ya yi ta gurza.

Abin da ya fi ɓarna shi ne ɗabi'ar nan ta “ƙara masa giris mu tafi”. Sabon giris a kan jiƙaƙƙe ba ya korar ruwa. Sai an kwance ƙafar, an wanke boris da kananzir, ya bushe sarai, a duba shi a rana. In ya yi ramuka ko ya sauya launi zuwa shuɗi, ya gama aiki. In lafiya lau ne, bakanike ya ɗora giris a tafin hannu ya riƙa danna boris ɗin har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. A sa sabuwar roba, kada a matse noti fiye da kima. In murfin cibiya ya faɗi kuwa a sayi wani, leda da tsumma ba sa tare ruwa. Baƙin mai ma ba giris ba ne, zurarewa yake yi.

A hanya, duk inda aka tsaya a kai hannu kusa da kowace cibiya. Wadda ta fi 'yan uwanta zafi, ko ta fesa giris a cikin ƙarfen taya, ita za a fara buɗewa. In kuma dole sai an keta ruwa, a dakata ƙarfen ya huce tukuna.