Yadda Ake Auna Girman Ƙaguwa

Mutanen Gella, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, sun san ƙaguwa, domin ana samun ta a rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara. Amma tana da wata babbar 'yar'uwa a gaɓar tekun Indiya da na Pasifik, wadda masana ke kira Scylla serrata. Tana zaune cikin taɓo, a gindin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Nauyinta yakan kai kilo 3, kuma masunta a Kenya da Tanzaniya da Ostareliya suna cin abinci da ita.

To, yaya ake sanin girmanta? A nan wahala take. Ɓawon ƙaguwa ba ya miƙewa. Idan ya matse ta sai ta yi saɓa kamar maciji, ta zuƙi ruwa ta kumbura, sa'an nan sabon ɓawon ya taurara cikin 'yan kwanaki. Watau girmanta tsalle-tsalle yake yi, kuma duk shaidar da aka yi mata a baya tana tafiya da tsohon ɓawo.

Saboda haka masu bincike sukan kama ta, su auna faɗin bayanta daga ƙayar wannan gefe zuwa ta wancan, su soka mata lamba a wurin da saɓa ba za ta zubar ba, su sake ta. In ta sake shiga tarko, sai a gwada awon farko da na biyu. Ta haka ake gane yawan abin da take ƙarawa, da kuma girman da take kaiwa kafin ta fara ƙwai.

Amfanin wannan awo a fili yake. A Jihar Queensland ta Ostareliya doka ta hana kama tamata, ta kuma hana kama namijin da faɗinsa bai kai santimita 15 ba, don kada a cinye iri.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan irin wannan kurmi, galibi a Neja Delta, inda ake kama wasu ƙaguwoyin dabam. Tun 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Teku a Legas domin nazarin halittun ruwanmu. Lalle masunci, ko na teku ko na rafi, in yana kama ƙanana kafin su hayayyafa, abincinsa na baɗi yake ci bana.