Miya Ba Nama: Yadda Iyali Za Su Karɓi Sabon Girki

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu suna noman waken suya. Da kaka ta yi sai mu sussuke, mu auna, mu kai shi kasuwa duka. Sa'an nan mu ɗauki kuɗin mu sayo 'yar tsoka biyu ko uku ranar kasuwa, wadda ba ta isa ta zagaya gida. Sauran kwana shida kuwa tuwo ne da miyar kuka. Ke nan mun sayar da abinci mai gina jiki da araha, mun sayo wani da tsada.

In an tambayi iyaye mata dalilin da ba sa dafa waken a gida, amsar ɗaya ce: an gwada, mutanen gida sun ƙi ci. Maigida ya ce miya ba nama ai ruwa ce. Yara sun sansana sun ture kwano. Kaka ta ce ita ba ta tashi ta ga ana cin wannan ba. Uwargida kuma ba ta da hatsin da za ta yi ta zubarwa, sai ta haƙura. Wannan damuwa ce ta gaske, amma tana da magani.

Me ya sa za mu damu?

Jiki yana bukatar abin da masana suke kira furotin, domin da shi ake gina tsoka da jini da fata. Kilo ɗaya na masara yana ɗauke da furotin wajen giram 90 zuwa 100. Kilo ɗaya na ɗanyen naman sa yana da wajen giram 200. Farin wake da gyaɗa suna da kamar giram 230 zuwa 250. Busasshen waken suya kuwa yana da giram 360 zuwa 400, ga kuma mai wajen kashi 20 cikin ɗari.

Furotin kamar gini yake, da ƙananan tubala iri iri. Akwai tubali ɗaya mai suna laisin wanda ya yi ƙaranci a masara da dawa da gero, amma yana da yawa a wake. Akwai kuma wani tubalin da wake bai cika samunsa ba, hatsi kuwa yana da shi. Idan an haɗa su a kwano ɗaya, kowane sai ya cike giɓin ɗan'uwansa. Shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ko faten tsaki da wake, duk wannan hikima ce.

Waɗanda suka fi shan wahalar rashin irin wannan abinci su ne yaran da aka yaye, da mata masu ciki, da masu goyo. A shekarar 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta sa sunan kwashiyoko a rubutun likitoci. Kalmar daga harshen Ga take, ana nufin ciwon da yake kama yaro sa'ad da aka yi masa ƙane. Ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. An fi ganinsa ga yaran da kunun hatsi zalla ne abincinsu. Yaron da ya kai wannan hali asibiti za a kai shi nan da nan. Aikinmu a gida shi ne kada ya kai can.

Baƙon abinci ba ya daɗewa yana baƙo

Masu cewa "ba abincinmu ba ne" sai mu tuna musu cewa masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Yau wa zai ce barkono baƙo ne a miyarmu?

Waken suya asalinsa ƙasar Sin. An fara gwada shi a Nijeriya a 1908, kuma ƙasar Tibi a Binuwai ce ta yi suna da nomansa. Shekaru da yawa ana nomansa don sayarwa kawai. A shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta duƙufa wajen fitar da iri masu kyau da koya wa mata girkinsa. Ga shi yanzu awara ta cika tasha da bakin makaranta, har yara suna kashe kuɗin tararsu a kanta. Yaron da yake sayen awara a waje ba waken yake ƙi ba. Yadda aka dafa shi a gida ne bai yi masa ba.

Mataki na fari: a kawar da gafi

Yawancin masu ƙin waken suya gafinsa suke ƙi, kuma da gaskiyarsu. A cikin ƙwayar akwai wani sinadari da yake kwance. Da zarar an fasa ƙwayar ta haɗu da ruwan sanyi, sai ya taɓa man da ke ciki, nan take gafi da ƙarni su tashi. Akwai kuma wani sinadarin da yake hana ciki narka furotin. Zafin wuta yana kashe su duka biyun. Don haka ba a cin ɗanyen waken suya, ba a kuma niƙa shi ɗanye a barbaɗa a abinci.

Ga yadda ake yin gari marar gafi:

1. A tsince waken, a fitar da tsakuwa da fasassu da ruɓaɓɓu.
2. A ɗora ruwa mai yawa, a bari ya tafasa sosai.
3. A zuba busasshen waken kaɗan kaɗan, yadda tafasar ba za ta tsaya ba.
4. A bar shi yana tafasa minti 25 zuwa 30.
5. A tsame, a murje shi cikin ruwa, a zubar da ɓawon da ya taso.
6. A shanya a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau, sa'an nan a kai niƙa.

Saboda man da ke cikinsa, garin ba ya son daɗewa. A yi na mako biyu ko uku, a ajiye cikin gwangwani mai murfi. Wanda za a sa a kunu ana iya toya shi sama-sama kamar gyaɗa kafin niƙa, sai ya yi ƙamshin da yara suke so.

Awara kuwa hanyarta dabam ce, gama dafaffen wake ba ya ba da madarar da za ta kama. Ana jiƙa lafiyayyen waken ya kwana, a wanke, a markaɗa, a tace da ƙyalle nan da nan. Sai a tafasa madarar sosai, a zuba ruwan tsami ko ruwan tsamiya a hankali har ta dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Kada a zubar da dusar. Tana shiga miya da ƙosai, muddin za ta dahu sosai.

Mataki na biyu: a shigo da baƙo ta ƙofar ɗan gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora sabon girki gaba ɗaya a ce yau shi za a ci. Mai jin yunwa da ya dawo daga gona abin da ya saba yake nema. Gara a fara da abincin da kowa yake so, a ƙara masa sabon abu kaɗan.

Tuwo: a makon fari a haɗa gwangwani ɗaya na garin waken da gwangwani bakwai na garin masara ko dawa. In baki ya saba a koma ɗaya da biyar. Inda muke so mu kai shi ne ɗaya da uku.

Miya: cokali biyu ko uku a miyar kuka ko kuɓewa ko taushe. A miyar agushi ana iya maye rabin agushin da garin waken.

Kunu: hatsi awo uku, waken suya awo ɗaya, da ɗan gyaɗa. Wannan ya dace da yaron da ya wuce wata shida, tare da nonon uwa.

Awara a miya: a yanka, a soya ta yi ja, a jefa a miyar tumatir kusa da saukewa. Haƙori yana son abin taunawa, shi ya sa ake kewar nama. Soyayyar awara da dunƙulen agushi da ƙuli-ƙuli suna biyan wannan bukata.

Ganye: kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ko dambun masara da zogale da gyaɗa. In yara sun ce rama ta yi tsami ko zogale ya yi ɗaci, a fara da kaɗan, a yawaita ƙuli-ƙuli.

Sai mu tuna cewa ɗanɗanon da nama yake ba miya, daddawa ma tana ba da irinsa. Albasar da aka soya ta yi ja, da citta, da masoro, da manja ko man gyaɗa, su ne suke sa mutum ya manta bai ga tsoka ba. Ko daddawar ma ana yin ta da waken suya, kamar yadda matan kudancin Kaduna suka daɗe suna yi. Abu ɗaya za a canza a lokaci ɗaya. In an sa sabon gari a tuwo, a bar miyar yadda aka saba.

Mataki na uku: haƙuri da yara

Tsakanin shekara biyu zuwa shida yawancin yara suna tsoron abincin da ba su sani ba. Wannan ba rashin kunya ba ne, halin ƙuruciya ne. Masu binciken cin abincin yara sun gano cewa yaro yakan bukaci a ba shi sabon abu sau takwas zuwa goma sha biyar kafin ya karɓa. Mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa mu ce ba ya so. Mai haƙuri shi yake dafa dutse.

A ba yaro loma ɗaya ko biyu a gefen abin da ya saba, sa'ad da yake jin yunwa. In ya ƙi, a ɗauke ba tare da faɗa ba, a sake bayan kwana biyu. Duka da tsawa da ɗure suna sa yaro ya ƙara tsanar abincin, ɗure kuma yana iya shaƙe shi. Alkawarin "cinye in ba ka alewa" yana koya masa cewa abincin wahala ne, alewa ce lada. Abin da ya fi aiki shi ne yaro ya ga yayyensa da iyayensa suna ci da marmari. A sa shi tsintar wake ko zagen zogale, gama abin da hannunsa ya taɓa yakan so ya ɗanɗana. A gidan da ake ci kwano ɗaya, a ware wa ƙaramin nasa kwanon, don a san abin da ya shiga cikinsa.

Magana ga magidanta

Mu maza sai mu kula da bakinmu. In maigida ya yamutse fuska ya ce, "Yau kuma mene ne wannan?", to an gama, babu yaron da zai ci. In kuwa ya ci ya ce, "Sannu da aiki, a ƙaro mini," rabin aikin ya ƙare. Mai gyara a ransa ya jira yara su tashi, ya faɗa wa uwargida su biyu.

Iyaye mata kuma, kada a yi wa manya ɓoyo. In an ɓoye aka gano, har abincin da babu kome a ciki sai a riƙa zarginsa. Gara a ce, "Maigida, na sa ɗan garin wakenmu a tuwon yau, ka ji yadda ya yi." Tsofaffi ma a nemi shawararsu. Kakar da aka tambaya yawan daddawar da za a sa ba za ta kushe miyar ba.

Abubuwan lura

Ba muna cewa a daina cin nama ba ne. Akwai bitamin B12 wanda jini da jijiyoyi suke bukata, kuma ba a samunsa a hatsi ko wake ko ganye. Sai a ƙwai da nono da kifi da nama. Don haka gidan da nama ya yi wa wuya ya riƙa ba yara da masu ciki ƙwai da nono da ƙananan busassun kifi gwargwadon hali. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe.

Madarar waken suya ba ta maye nonon uwa. Jariri nono zalla zai sha har wata shida.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye ya fi shiga jiki in an haɗa da tumatir ko lemon tsami ko gwaiba. Shayi yana hana shi shiga, sai a jinkirta shayin zuwa bayan cin abinci da awa ɗaya.

Wake yakan kumbura ciki a kwanakin fari, wannan ma dalili ne na farawa da kaɗan. Amma wanda ya ci waken suya ko gyaɗa jikinsa ya yi ƙaiƙayi, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a daina ba shi, a kai shi asibiti. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar, tana da dafi mai lalata hanta.

Abin da ƙungiya za ta yi

Muna ba da shawara uku a tattauna a taro na gaba. Na ɗaya, kowane gida ya ware mudu goma na waken suya don ci kafin a kai saura kasuwa. Na biyu, a sa rana ɗaya da matan da suka iya awara da gari za su koya wa sauran, a dafa a ci tare, maza da yara duka suna nan, gama gani ya kori ji. Na uku, a shirya da mai injin niƙa ya ware ranar niƙan garin wake, don kada ya gauraya da warin barkono.

Gidan da ya fara a wannan mako da gwangwani ɗaya da bakwai, kafin wata biyu zai iya kai ɗaya da uku. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labarin girkin da iyalanta suka fi so, domin sauran 'yan'uwa su amfana.