Gina Taskar Hotuna a Intanet

Ranar hawan sallah a Keffi ana ɗaukar hotuna ba adadi a ƙofar fadar Sarki, haka ma ranar yaye ɗalibai a Jami'ar Jihar Nasarawa. Galibinsu a waya suke ƙarewa, in ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. Taskar hotuna ta intanet na maganin wannan asara, kuma ɗalibin kwamfuta mai himma zai iya gina ta.

Manhajar kashi biyu ce. Akwai fuskar da mai kallo ke gani, wadda ake rubutawa da HTML da CSS da JavaScript. Akwai kuma ɓangaren da ke zaune kan sabar, wanda ake ginawa da PHP ko Python, shi ke karɓar hoto ya adana. Galibi a ma'ajiyar fayil ake ajiye hoton kansa, rumbun bayanai irin MySQL kuwa ya riƙe sunansa da ranar ɗauka da wanda ya ɗauka.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne nauyi. Hoton waya guda yakan kai megabayit 3 zuwa 5. Ke nan shafi mai hotuna 50 zai lashe megabayit 150 ko fiye, alhali mai kallo da kuɗinsa ya sayi data, ga netwok yau da ƙarfi gobe babu. Don haka da zarar an ɗora hoto, sai manhajar ta yi masa ƙaramin kwafi marar nauyi, a tsarin JPEG ko WebP, wanda Google ya fitar a 2010. Ƙananan ake jerawa, sai an taɓa ɗaya babban ya buɗe. Lokacin ɗora hoton ne kuma ya kamata manhajar ta goge bayanan EXIF, domin waya kan rubuta ainihin wurin ɗauka a cikin hoton, har hoton bikin suna ya nuna wa baƙo ƙofar gidan mutane. Wannan ba abin wasa ba ne.

Fitar da taskar ga jama'a bai kai haka wuya ba. A yi hayar sabar, a yi rajistar suna mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, a karɓi shaidar tsaro ta HTTPS kyauta daga Let's Encrypt, sannan a riƙa ajiye kwafin komai a wani wuri dabam.

Kafin ka raba adireshin, gwada shafin a waya mai araha, a unguwar da netwok ke da rauni. In ya buɗe a can ba jira, aikinka ya yi.