Sa Wa Tsohuwar Golf Kalifar Birkin Ƙanwarta

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a ƙasar nan ya san Golf. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf 2 a shekara ta 1983, Golf 3 a 1991, sai Golf 4 a 1997. Yawancinsu sun zo mana ne bayan sun gama aiki a Turai, inda ake zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi domin ƙanƙara ta narke. Gishirin nan shi ne ke cin ƙarfen ƙarƙashin mota, birkin baya kuwa yana cikin abubuwan da ke fara shan wahala. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu yi wa ɗalibanmu bayanin wani gyara da masu tsofaffin motocin nan ke yi, wato cire kalifar birkin baya ta asali a sa ta Golf 4.

Da farko sai mu san mece ce kalifa. Birkin mota iri biyu ne. Akwai mai ganga, inda takalman birki ke buɗewa su danni cikin gangar. Akwai kuma mai faifai, inda wani faifan ƙarfe ke juyawa tare da taya, takalma biyu su matse shi daga gefe da gefe, kamar yadda mutum zai kama faranti da yatsu. Abin da ke yin matsar shi ne kalifa. A cikinta akwai fistin wanda man birki ke turawa idan direba ya taka. Yawancin Golf da muke gani a tasha birkin bayansu mai ganga ne, saboda haka wannan bayani bai shafe su ba. Masu faifai a baya su ne manyan samfura irin su GTI da VR6.

Kalifar baya tana da aiki biyu. Ban da birkin ƙafa, ita ce ke riƙe mota idan an ja birkin hannu, ta wurin wani ɗan hannu da waya ke ja a bayanta. A tsohuwar kalifa, wadda aka yi da baƙin ƙarfe, ruwa yakan shiga wurin nan ya yi tsatsa har ɗan hannun ya ƙage. Ko dai a ja birkin hannu ya ƙi kamawa, ko ya kama ya ƙi saki. Na biyun ya fi muni. Mun taɓa ganin motar wani abokin aikinmu ta dawo daga tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, tayar baya tana wari kamar an ƙona roba, ba wanda ya iya ɗora hannu a kan wilin. Irin wannan zafi yana iya tafasa man birki, kuma da zarar mai ya tafasa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tsaya.

Kalifar Golf 4 da alminiyam aka yi ta. Ba ta da nauyi, ba ta saurin ƙagewa, kuma ta fi saukin samu a wurin masu sayar da kayan gyaran mota, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Babban abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne, tana hawa daidai a kan mariƙin tsohuwar. A nan akwai kuskuren da za a guje wa. Faifan baya na Golf 2 da 3 faɗinsa milimita 226 ne, na Golf 4 kuwa 232. Don haka kalifa kaɗai za a ɗauko, a bar mariƙi da faifai na tsohuwar motar yadda suke.

Sai tiyon mai. Tsohon tiyo murɗa shi ake yi kai tsaye cikin kalifa, sabuwar kuwa tana son tiyo mai zobe a baki, wanda ake ɗaurewa da kusa mai rami, da washa biyu na jan ƙarfe. Dole a nemi tiyon da ya dace, washan kuma su zama sababbi. Ba mu yarda da dabarar nan ta naɗa zare ko leda a bakin tiyo ba, ko da bakanike ya rantse ya sha yi.

Inda muke so ɗalibai su fi mai da hankali shi ne girman fistin, gama a nan ne darasin aji ya haɗu da gareji. Blaise Pascal, masanin Faransa wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya nuna cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen wuri, matsin yana isa kowane sashe daidai wa daida. Ƙarfin da fistin zai bayar kuwa shi ne matsin nan sau faɗin fuskarsa. Ke nan idan fistin ya ƙara girma, ƙarfin birki ya ƙaru, ko da direba bai ƙara takawa ba.

Bari mu yi lissafi. Fistin mai milimita 36, wanda ake samu a wasu tsofaffin Golf 2, faɗin fuskarsa kusan murabba'in milimita 1,018 ne. Mai 38, wanda shi ne aka fi samu a Golf 4, yana da 1,134. Bambancin milimita 2 kacal ya kawo ƙarin ƙarfi na wajen kashi 11 cikin 100. Akwai kuma mai 41, wanda ya kai 1,320, wato kusan kashi 30 cikin 100 a kan mai 36. A ido duka ukun kamar ɗaya suke, shi ya sa muke cewa a auna kafin a biya kuɗi.

Wani zai ce, to ai ƙarin ƙarfi alheri ne. Ba haka ba ne a birkin baya. Idan aka taka birki, nauyin mota yakan karkata gaba, kamar yadda fasinja ke sunkuyawa ba da niyya ba. Tayoyin gaba su ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, na baya kuwa nauyi ya ragu a kansu. Idan birkin baya ya fi ƙarfin abin da tayar za ta iya riƙewa, sai ta daina juyawa ta fara zamewa. Motar da tayoyin gabanta suka kulle takan zarce gaba. Wadda na bayanta suka riga kullewa kuwa, bayan ne zai juyo ya nemi wuce gaba, musamman a kwana ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da damina. Saboda wannan ne aka sa wa yawancin motocin nan wani bawul kusa da gindin tayoyin baya, mai rage matsin man da ke zuwa baya gwargwadon kayan da ke cikin mota. Sau da yawa shi ma tsatsa ta riga ta kama shi. Wanda ya sa sabuwar kalifa bai duba bawul ɗin nan ba, rabin aiki ya yi.

Wajen ɗaurawa akwai abubuwa biyu da ke ba mutane wuya. Fistin na baya ba a tura shi da ƙarfi kamar na gaba, murɗa shi ake yi ana dannawa, domin akwai zaren birkin hannu a cikinsa. Wanda ya sa masa guduma ya lalata kalifar tun ba ta hau mota ba. Na biyu shi ne ɗan notin fitar da iska. Iska sama take tashi a cikin mai, don haka dole notin ya kasance a sama. Wani lokaci, domin wayar birkin hannu ta kai, akan musanya ta dama da ta hagu, sai notin ya koma ƙasa. In haka ta faru, sai a kwance kalifar, a sa guntun katako tsakanin takalman, a riƙe ta notin yana duban sama har iska ta gama fita, sa'an nan a mayar.

Man da ya dace shi ne DOT 4, daga sabon gwangwani. Yana shan danshin iska: sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Ana fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da direba, wato ta baya ta dama, ana lura kada tulun mai ya ƙare. Ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya.

Bayan an gama, a taka birki sau da dama mota na tsaye har ya yi tauri, sa'an nan a daidaita wayar birkin hannu. A kai motar fili inda babu mutane, a gwada a hankali, wani yana tsaye a gefe yana duban ko tayoyin baya suna riga na gaba kullewa. Idan suna yi, motar ba ta hau titi ba tukuna, sai a koma kan bawul ɗin da girman fistin.